Daga Jos zuwa ƙetare: tambayoyi da amsoshi kan musayar gida, jirgin ruwan shaƙatawa da jirgin ƙasa mai ratsa tsaunuka

Bara da damina, ni da mai ɗakina mun yi mako uku a arewacin Italiya ba mu kwana a otal ko sau ɗaya ba. Gidan wasu mutane muka zauna a bayan garin Milan, su kuma suka zo suka zauna a namu a nan Jos. Daga can muka hau jirgin ƙasan da ke ratsa tsaunukan Suwizalan, muka kuma yi kwana bakwai a jirgin ruwa cikin Bahar Rum. Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba, a ƙofar masallaci, a wajen ɗaurin aure, har a rumfar mai kayan miya a Farin Gada. Ga amsoshin a wuri ɗaya, yadda aka yi mini tambayoyin.

Malam, wai mece ce musayar gidan nan? Haya ce?

Ba haya ba ce, ko kwabo ba ya shiga tsakaninku. Iyali biyu ne ke yarda kowa ya zauna a gidan ɗan'uwansa na wasu kwanaki. A Turai abin ya faro, a 1953, wurin malaman makaranta masu dogon hutu da gajeren albashi. Ƙungiyoyin Intervac da HomeLink duk daga wannan shekarar suka samo asali, sai HomeExchange da ta zo a 1992, wadda yanzu ta fi su yawan gidaje. Abin da kake biya shi ne kuɗin rajista na shekara.

Iri biyu ce. Ko dai ku yi musaya kai tsaye, kana gidansu suna naka, ko kuma ta hanyar maki: ka sauki wani a gidanka a rubuta maka maki, ka je ka kashe su a gidan wani daban a wata ƙasa.

Ni ban ɗauki abin baƙo ba. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba otal suke sauka ba, kowa yana da mai masaukinsa a zango, amana ce ke riƙe da su. Abin da ya bambanta kawai, a nan mai masaukin ba ya gida, mabuɗi ya bar maka.

Wa zai baro Turai ya zo ya zauna a gidana a Jos?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Masu neman Najeriya a dandalin intanet na waɗannan ƙungiyoyi kaɗan ne. Gwamnatocin Turai da Amurka suna gargaɗin mutanensu kan tafiya wasu sassan ƙasar nan, labarin rikicin Filato kuma ya riga mu isa can. Za ka aika saƙo da yawa a yi maka shiru. Kada ka ji haushi.

Amma akwai mutane iri biyu da ke neman gida irin naka da gaske. Na farko 'yan Najeriya mazauna ƙetare. Mutum ya shekara goma sha biyar a waje, zai kawo matarsa da 'ya'ya huɗu su ga dangi, gidan iyayensa ya cika, kuɗin otal na wata guda kuma ya fi ƙarfinsa. Gida mai kicin da ruwa da wuta yake so. Waɗanda muka yi musaya da su irin waɗannan ne, mijin ɗan Filato ne. Na biyu Turawan da suka tashi a nan suna yara, 'ya'yan ma'aikatan mishan, da na kamfanonin kuza, da na cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da waɗanda suka yi makarantar Hillcrest, wadda ke Jos tun 1942. Yanzu sun manyanta, suna begen duwatsun Shere da Miango, suna son nuna wa jikokinsu inda suka yi ƙuruciya.

Kada kuma ka raina abin da kake da shi. Gari ne mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ga sanyi, ga ruwan Assop, ga duwatsun Riyom, ga gidan tarihin da ke nan tun 1952, ga kayan lambu da acca da dankalin Turawa sabon tono. Ka sa wannan a bayanin gidanka. Mai gida a Abuja kuwa ya fi mu samun masu nema, saboda jirgin ƙetare a can yake sauka.

Me zan gyara kafin in miƙa mabuɗi?

Gaskiya ce ta farko. Ka faɗi awa nawa ake samun wuta, ko akwai sola ko janareta, wa zai sayi mai, ruwan famfo ne ko rijiyar burtsatse, yaya intanet yake a unguwar. Wanda ka gaya wa aibin gidanka kafin ya taso zai yafe maka, wanda ya tarar da shi da idonsa sai ya rubuta a dandalin kowa ya karanta.

Ka ware ɗaki ɗaya ka kulle takardun fili da gwala-gwalan uwargida da duk abin da ranka ba zai jure rasa shi ba. Ka rubuta takarda: yadda ake kunna injin ruwa, ranar kwasar shara, asibiti mafi kusa, unguwannin da ba a shiga da dare. Sannan ka naɗa wakili. Mu ƙanena muka bari, shi ya tarbo su daga Abuja, shi suke kira in wani abu ya lalace. Ka sanar da maƙwabta da mai unguwa, kada a wayi gari a ga baƙin fuska a gidanka a shiga zargi.

In gidan haya kake, sai da yardar mai gidan. In kuma babban gida ne da iyaye da ƙanne ke ciki, wannan harka ba taka ba ce, sai dai in kana da sashe mai ƙofarsa daban.

Ba ka ji tsoron su yi maka ɓarna ba?

Na ji. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne su ma gidansu yana hannuna. Mun yi hira ta bidiyo sau uku, na ga fuskokinsu, sun zagaya da ni ɗaki ɗaki, na karanta abin da waɗanda suka taɓa sauka wurinsu suka rubuta. Duk wanda ya ƙi hira ta bidiyo, ko ya ce ka tura masa kuɗi a wajen dandalin, rabu da shi nan take. Da muka dawo kofi ɗaya ne ya fashe, sun kuma sayi wani sun ajiye da 'yar takardar ban haƙuri.

Yaya, in gidan waɗanda ba Musulmi ba ne fa? Tukwanensu, karensu?

Ƙanwata ce ta yi wannan tambayar, kuma tana kan hanya. Ki tambaya tun da wuri ko suna da kare, domin wasu suna sa ran baƙo ya kula musu da dabbobinsu. In ba za ki iya ba, ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Tukwane a wanke su sosai, mu dai mun sayi ƙaramar tukunya da kasko don natsuwar zuciya. Ki tafi da buta. Naman halal ba ya wahala a manyan biranen Turai, duk unguwar da 'yan Moroko ko Turkawa ko 'yan Pakistan suke akwai mahauci.

Ke ma akwai dokokin da za ki kiyaye. Shara rarraba ta ake yi, kwalba daban, takarda daban, ragowar abinci daban. Da dare ba a hayaniya. In za ki soya manja ko ki sa daddawa, ki buɗe taga. Kina da damar kafa naki sharaɗin: mu mun ce ba a shigo mana da giya ko naman alade, suka amince ba gardama.

Biza fa? Ai nan gizo ke saƙa.

Nan ne kuwa. Ga mai fasfon Najeriya, biza ce ke tsara tafiya, ba sha'awa ba. Kada ka fara da zaɓen jirgi, fara da tambayar ina za a bar ka ka shiga.

Bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai, ɗaya tana buɗe maka ƙasashe 29, har da Suwizalan da Norwe, duk da ba sa cikin Tarayyar Turai. Ingila ba ta ciki, tata daban ce. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma in aka hana ka ba a mayarwa. Dole ka yanki inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfonka ya kasance da sauran wata uku bayan ranar dawowarka, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Ƙasar da za ka fi daɗewa cikinta ita za ka nema wurinta. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, ka yi amfani da wannan, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu na Jos sai mun gangara Abuja a ɗauki hoton yatsu, a lissafa wannan cikin kuɗi da lokaci.

Game da masauki, ka nemi wasiƙa daga masu gidan da sa hannunsu da adireshi da kwanaki da hoton katin shaidarsu, ka haɗa da takardar dandalin. Wasu ƙasashe suna da takardar saukar baƙo tasu ta hukuma, ka duba jerin abin da ofishin jakadancin ya nema, ka bi shi layi layi. Abin da suka fi dubawa shi ne dalilin da zai dawo da kai: aiki, iyali, dukiya, da asusun da kuɗi ke shiga da fita cikinsa a hankali, ba wanda aka loda wa miliyoyi ana saura mako guda ba.

Ga kuskuren da na yi, don kada wani ya maimaita. Na biya kafin alƙalami na jirgin ruwan da zai tsaya kwana ɗaya a Tunisiya. Biza ta fito ta shiga sau ɗaya. Da zarar jirgin ya tsaya a wajen Shengen ka fita ke nan, dawowa Italiya shiga ta biyu ce, ga ita kanta Tunisiya da tata ƙa'idar. Cewa "ba zan sauka ba, a ɗaki zan zauna" ba ta fisshe ka, tun a tashar farko za a hana ka hawa. Dole na canza zuwa jirgin da duk tashoshinsa ke cikin Shengen, wani ɓangare na kuɗina kuma ya tafi.

Shi jirgin ruwan, me ake yi a ciki har kwana bakwai?

Ka ɗauka unguwa ce guda a kan ruwa, bene kan bene. Da dare yana tafiya, da safe ka farka a wani gari. Namu daga Jenowa ya tashi, ya tsaya a Marsey ta Faransa, da Barsalona, da tsibirin Mayorka, da Sisili, da tashar da ake sauka a tafi Rum. Akwati sau ɗaya ka kwance shi, wannan ne babban daɗinsa, musamman ga dattawa. Wasu jiragen girmansu ya wuce misali: Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024 daga Miyami, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000.

Kuɗin tikiti ya ƙunshi ɗaki da abinci a manyan wuraren cin abinci. Bai ƙunshi lemon kwalba ba, da intanet, da wanki, da ganin likita, da yawon da kamfani ke shiryawa a gari, da kuɗin hidimar ma'aikata da ake rubuta wa kowane fasinja kullum. Waɗannan su ke ba mutane mamaki ranar sauka. Ɗaki mafi arha shi ne na ciki marar taga. Ni ina ganin in da hali a ƙara a ɗauki mai taga, ko don ganin fitowar alfijir.

Aibinsa ɗaya da ya dame ni: awa bakwai ko takwas a Barsalona ba ganin gari ba ne, leƙe ne.

Wanne ya fi dacewa da mu?

In kana da bizar Shengen, yammacin Bahar Rum. In ba ka da ita, duba kusa. Kamfanin MSC yana tashi daga Durban da Kef Tawun a lokacin zafinsu, wajen Nuwamba zuwa Afrilu, zuwa gaɓar Mozambik da Namibiya. A Masar akwai ƙananan jirage a kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu, ba igiyar ruwa, kana jin kiran salla daga ƙauyukan gaɓa. Ga wanda bai taɓa hawa ba, wannan nake fara ba shi shawara. Saudiyya ma ta ƙaddamar da nata, AROYA, a Disambar 2024 daga Jidda, an tsara shi bisa al'adar Larabawa, abincinsa halal ne. Na Karibiyan yawancinsu daga Amurka suke tashi, bizar Amurka kuwa an ƙara tsaurara ta ga 'yan Najeriya tun Yulin 2025.

Duk inda za ka a Afirka, katin rigakafin shawara ya zauna tare da fasfonka.

Salla da abinci a cikin jirgi?

Alƙibla tana juyawa saboda jirgi yana juyawa. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgin ya dosa a taswira, ka haɗa da manhajar wayarka kafin ka tayar. Manyan jiragen nan ba sa girgiza sosai, a tsaye muka yi sallolinmu duka. Hukuncin kasaru da haɗa salla ka zauna da malaminka kafin tafiya, domin zaman mako biyu a gidan musaya da kwana bakwai kana yawo a teku ba hukuncinsu ɗaya ba.

Abinci ka rubuta wa kamfani tun kana gida. In ba su da naman halal, kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar, sai dai ka riƙa tambaya ko an sa giya a miya, Turawa suna yawan yi. Akwai mashaya da gidan caca a yawancin jiragen, ba zan ɓoye ba. Ana iya kauce musu, amma wani lokaci hanya ta gefensu take bi. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu da haka ba, ya nufi Nilu ko Jidda.

Ina tsoron ruwa, kuma mota ma tana sa ni amai.

Nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. Ki riƙe citta da maganin jiri daga likitanki. Kafin jirgi ya tashi doka ce a nuna wa kowane fasinja rigar ceto da wurin taruwa in wani abu ya faru. Ki saurara da kyau.

In na makara a gari, zai jira ni?

Ba zai jira ba. Sai dai in yawon da kamfanin ya shirya ne ya makara. Ka dawo da sauran awa guda, ka kuma bi agogon jirgi.

To jirgin ƙasan, me ya raba shi da na Idu zuwa Rigasa?

Na Idu kana hawa ne don ka isa Kaduna. Wannan kuwa hanyar ce abin kallo, shi ya sa ba ya sauri, tagoginsa kuma har rufi suke kaiwa.

Bernina Express muka hau, daga Tirano a bakin iyakar Italiya zuwa Kur a Suwizalan, kilomita 144, awa huɗu da 'yan mintoci, gada 196, ramin dutse 55. Ka taso daga kwarin da ake noman inabi, cikin awa ɗaya da wani abu kana kan mita 2,253 a Ospizio Bernina, ga tafki, ga ƙanƙarar da ba ta narkewa a kan duwatsu, a tsakiyar watan Yuli. A Brusio layin yana naɗewa kamar gammo don ya sami hawa, har kana hango wutsiyar jirginku ta taga. Can gaba a gadar Landwasser, mai tsayin mita 65, jirgi yana fitowa daga cikin dutse kai tsaye ya hau kan gada. Mai ɗakina tasbihi kawai take yi. Hukumar UNESCO ta sa wannan layi cikin kayan tarihin duniya a 2008.

Abin da ya zo mini a rai a wurin shi ne namu. An taɓa yin ƙaramin layin dogo daga Zariya ya hauro Jos har Bukuru don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957, ragowar kayansa suna gidan tarihi. Duk wanda ya san hawan da ke tsakanin Kafanchan da Jos ya san muna da abin da za a nuna wa duniya ta tagar jirgi. Wannan yana ci mini rai har yau.

Ɗan'uwan Bernina a Suwizalan, Glacier Express, yana tafiya daga Zermatt zuwa San Moris tun 1930, kilomita 291 cikin kusan awa takwas. Ga mai yara ya yi tsawo. A Norwe akwai layin Flam, kilomita 20 kacal, yana gangarowa daga mita 866 zuwa bakin ruwa cikin kusan awa ɗaya.

Akwai dabarar rage kuɗi?

Akwai. Jiragen yau da kullum na mutanen gari suna bin layi ɗaya da waɗannan masu suna, duwatsun su ne dai, ba kuma sai ka biya kuɗin kama kujera ba. Za ka canza jirgi sau ɗaya ko biyu, amma kana iya sauka a ƙauye ka sha iska ka hau na gaba. In za ka hau mai sunan, kama kujera dole ne, ko kana da katin Eurail ko Swiss Travel Pass, wato tikitin hawa jirage na kwanaki da yawa, da rani kuma da wuri suke cika. Ka yi guzurin abinci daga gida, Suwizalan tana da tsada ƙwarai.

A Afirka babu irinsu?

Akwai, wasu ma sun fi taɓa zuciya. Jirgin Nairobi zuwa Mombasa, da aka buɗe a 2017, yana ratsa dajin Tsavo, ana hango giwaye ta taga. Layin dogon TAZARA, da ƙasar Sin ta gina tsakanin 1970 da 1975, kilomita 1,860 ne daga Darussalam ta Tanzaniya zuwa Kapiri Mposhi a Zambiya, tafiyar kwana biyu ce ko fiye, sai mai haƙuri. Blue Train da Rovos Rail na Afirka ta Kudu na masu hannu da shuni ne. Wanda ya je Umara kuma ya hau jirgin Haramain tsakanin Makka da Madina, kilomita 450, ya riga ya ɗanɗana.

Gaba ɗaya nawa zan tanada?

Ba zan ba ka adadi ba, domin Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ga dai yadda nauyin yake: tikitin jirgin sama daga Abuja shi ne babba, sai jirgin ruwa, sai biza da inshora, sai jirgin ƙasa. Musayar gida ta cire kuɗin otal, ta kuma ba ka kicin, wanda ke rage rabin wahalar abinci. Ka nemi kuɗin guzuri ta bankinka da wuri, ka gwada katinka ka tabbatar yana aiki a waje, domin a cikin jirgin ruwa kati ake ɗaurawa a asusun ɗaki. Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 dole a bayyana ta a bakin shiga Turai.

Zan iya tafiya da Hajiya da yara?

Sosai. Ga Hajiya ka tambayi ko gidan musayar yana da na'urar hawa bene, tsofaffin gidajen Turai da yawa matakala ce zalla. Magungunanta su zauna a jakar hannu tare da takardar likita. Yawancin kamfanonin jirgin ruwa ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba.

Wane lokaci ya fi, kuma sanyin ya kai na Jos?

Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi a Bahar Rum, Agusta zafi ne da cunkoso da tsada. Sai dai masu musaya da yawa a Yuli da Agusta suke samun hutu, ko a Disamba, dole wani lokaci ka bi nasu. In arewacin Norwe za ka da rani, ka sani akwai makonnin da rana ba ta faɗuwa, ka nemi fatawar lokutan salla tun kana gida.

Sanyi kuwa, rigar da kake sawa a Jos da asubar Janairu ta ishe ka kan tsaunuka da rani, ta ishe ka saman jirgin ruwa da dare. In da hunturunsu za ka, ba ta isa ba ko kusa. Ka shiga 'yan gwanjo a Taminus ka nemi babbar riga mai kauri, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne, da takalmin da ruwa ba ya shiga.